Sunan 'yan biyu a Rawayau

Mun tashi daga Dutsin-Ma bayan sallar asuba, ni da maigidana, za mu Rawayau sunan 'yan biyun da ƙanwata ta haifa. Damina ta yi kyau, gero ya fid da kai dama da hagu, sai dai direbanmu bai bar rami ko ɗaya bai gaishe shi ba. A Kurfi muka karya da koko da ƙosai, ƙosan nan sun rame kamar su ma tsadar wake ta dame su. Daga nan 'yan acaba suka kwashe mu cikin taɓo.

Mun tarar gida cike da mata, ana ta zuba waina. Hassana na yawo hannu zuwa hannu, Usaina kuwa ba wanda ya gan ta. Mu da aka san mu da ko ɗan kunne ba a saya wa ɗaya a bar ɗaya! Na shiga ɗaki na iske maijego ta lulluɓe ta a bayan gado. Leɓen jaririyar na sama a tsage yake.

"Yaya, ni na yi mata," ta ce da ni. "Duk cikin nan ta hagu nike kwana. Ni na danne ta. In ba haka ba, mi ya raba su, tunda mabiyiyarsu guda?"

Zuciyata ta karye. Ni malamar kimiyyar halittu ce, na sha koyar da wannan a aji, amma ban taɓa faɗa wa mai kuka ba. Na ce mata gadon halittarsu ɗaya ne, gaskiya, amma a cikin kowace ƙwayar halitta umarnin gado kunnuwa yake yana mutuwa, wani na tayar da wani, kuma 'yan sinadaran da ke kai saƙo ba layi suke bi ba. Cin karo suke yi kamar mutane ranar kasuwa. Yawanci jiki na gyara wannan hayaniyar. Wani lokaci kuwa saƙo kan makara daidai sa'ar da leɓe zai haɗe, tun kafin uwa ta tabbatar tana da ciki. Kuma ana ɗinke shi a asibiti.

"Ke nan ko ta dama na kwanta?"

"Ko a tsaye kika kwana, ƙanwata."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Can ta share fuska, ta sa wa Usaina kwalli, ta fita da ita tsakar gida da kanta.

Mun juyo da la'asar, don yanzu ba mai son magariba ta same shi a hanya. Har muka iso gida ina tunanin abu ɗaya: mutum ya fi son ya sami mai laifi, ko da shi kansa ne, a kan a ce masa babu. Kwana bakwai ƙanwata ta yi tana neman gafarar jaririyar da ba ta yi wa komai ba.