Ruwan Tafin Hannun Baba

Shekara guda ke nan da muka rufe Baba, shugaban ƙungiyarmu ta manoman albasa a Galma. In zai buɗe taro, yakan tsiyaya ruwan buta a tafin hannunsa, yana magana ruwan na ɗiga ta tsakanin yatsu. Da ɗigon ƙarshe ya faɗi, sai ya yi shiru.

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Ɗana, magana in ta wuce ruwan hannu, kanka kake yi ma ita."

Jiya ni na jagoranci taron rabon ban ruwa. Rijiya ta ja baya, rai ya ɓaci, ni kuwa ina ta kewaye-kewaye, na kasa faɗin gonar wa za ta jira. Sai na ji ɗis, ɗis, a bayana. Ba hadari, ba buta. Inda Baba yakan zauna ya yi danshi, yana ƙamshin ruwan farkon damina.

Wani dattijo ya raɗa mini, "Shugaba, ruwanka na ƙarewa."

Na ce, "Gonakin gabas su sha yau, namu su jira." Ɗigon ya tsaya.

Allah ya yi maka rahama, Baba, ya sa makwancinka ya fi wurin nan sanyi.