Hannun Yaya Kulu a Tsakar Kaina

Da wannan daminar shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Kulu, wadda matan unguwarmu a nan Kontagora suka sani da Kulu mai zare. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan dafa abin sadaka, in raba wa maƙwabta, in ja bakina in yi shiru. Bana ne na kasa yin shirun, saboda wani abu da ya faru a tsakar gidana watan jiya, wanda har yau gajiyarsa ba ta sake ni ba.

Ga wanda bai san ta ba, sana'ar Yaya Kulu ita ce miƙar da gashi. Tana kitso kamar kowace mace, amma ba don shi ake cika mata rumfa ba. Ana zuwa ne da irin gashin danginmu, mai tauri, murɗaɗɗe, cunkus, wanda ke karya haƙoran mataji, a tashi da shi ya kwanta luf har bayan wuya. Amare suna zuwa, matan coci suna zuwa idan Kirsimeti ta gabato, matan Kambari da Dukawa da suka kawo kaya kasuwa sukan biyo ta wurinta kafin su hau motar gida. A bayan gidan mahaifinmu take aikinta, da kujera 'yar tsugunne, da tabarma, da kwanon man kaɗanya, da ƙullin baƙin zare.

Ba ta da wani sirri. Da karkashi take wanke kai, ta bar shi ya tsane, ba jiƙe sharkaf ba, ba kuma bushe ƙarau ba. Sai ta shafa man kaɗanya, ta raba gashin gida-gida, ta taje kowane gida daga baki ta gangaro zuwa tushe a hankali, sannan ta naɗe shi da zare har ƙarshe. Mace ta tafi da kanta haka, ta yi 'yan kwanaki, ta dawo a warware. A nan gashin ya riga ya miƙe da kansa. Idan amarya ce mai son ya yi santsi sosai, sai Yaya ta ɗora matajin ƙarfe a kan garwashi, ta goga shi a farin ƙyalle tukuna. In ya bar alamar ƙuna a ƙyallen, to ba zai taɓa kan 'yar mutane ba sai ya huce. Sau ɗaya take bi da shi, ba ta maimaitawa, ko da amaryar za ta yi kuka.

Kuma tana da baki, Allah Ya gafarta mata. Idan mace ta shigo tana cewa sauri take yi, Yaya ba ta ko ɗaga kai. "Ga hanya nan, 'yar'uwa. Ni ban iya gashin sauri ba." Wadda ta tsefe kitso da safe, ta sosa kai son ranta, sannan ta zo da robar shamfo a hannu tana so a shafa mata, ita kam ta gamu da wa'azi. Yaya ba ta haramta man miƙar da gashin nan ba, ta dai ce ba a sa shi a kan da aka sosa, ba a sa shi a gashin da ya riga ya sha, sai a sabon toho kaɗai, shi ma bayan watanni. Da yawa sun fita suna tsaki, su dawo bayan wata biyu da gaban goshi a cinye, ta karɓe su ba tare da ta ce ai na faɗa miki ba. Amma kallon da za ta yi miki ya isa.

Ni kuwa matsayina a wannan sana'a shi ne kai. Tun ina 'yar ƙarama a kaina ta koya, kuma har na yi aure na haihu ban taɓa kai kaina wurin wata ba. Shekaru masu yawa na yi ina zama a tsakanin gwiwoyinta, fuskata na kallon bangon kicin, ita tana bayana. Na san kowane tsagi na bangon nan. Abin da ban taɓa gani ba shi ne yatsunta a lokacin da suke aiki a kaina, don idan na waiga sai ta danna mini ƙeya da bayan yatsa ta ce, "Jummai, juya." Lokacin da take yi wa wasu kuwa ina can ina hura wuta ko ina surutu da masu jiran layi. Ina ruwana da koyo, ga mai yi mini a gida?

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga garin nan yau. Kowace kwana akwai shagon gyaran gashi, da madubi bango guda, da abin busar da kai mai ƙara, da ƙarfen miƙarwa na lantarki. Yara suna koyon komai a waya, wata baƙuwa da ba ta taɓa ganin irin gashinmu ba tana gaya musu yadda za su yi da shi. Na ga amarya an miƙar mata da rabin kai aka ɗauke wuta, ta zauna da ɗaya rabin a tsaye ana neman man janareta. Da Yaya na nan da ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ja kujera ta ce a kawo mata zare. Ba na cewa komai na da ya fi na yanzu, akwai yara masu hannu a shagunan nan. Abin da ya gajiyar da ni shi ne gaggawa. Ko man kaɗanya mai kyau ya yi wuya, domin matan da ke kawo mana shi daga wajajen Kumbashi ba sa fitowa kamar da, hanya ta zama abin tsoro.

Yaya ta bar 'ya ɗaya, Firdausi, tana da shekara bakwai. Mahaifinta yana noma a Zugurma, ya ce yarinya ta zauna a hannuna ta yi karatu. A cikin jinyarta ta ƙarshe, wata rana da hantsi ina ba ta kunu, Yaya ta dubi yarinyar tana wasa a ƙofar ɗaki ta ce mini, "Kan yarinyar nan irin nawa ne. Kada ki bari a yi masa gaggawa." Abin da ta ce ke nan, ba gona ta bar mini ba, ba akwati ba. Na riƙe maganar iya iyawata. Na raini kan Firdausi da karkashi da kitso mara ɗauri, har gashin ya cika ya sauko kafaɗa idan an ja shi.

Bara ta shiga kwaleji, ta koma ɗakin kwanan ɗalibai. Watan jiya ta zo hutu da hula a kai. Ta kwana da ita, ta tashi da ita, ta yi wanke-wanke da ita a cikin zafin nan mai ɗanko na bayan ruwa. Da na gaji da kallo sai na sa hannu na cire. Na yi salati. Ƙawaye sun shafa mata shamfo sau biyu a zango ɗaya, daga tushe har baki, ranar da ta yi tsifa, sannan suka bi da ƙarfen lantarki gashin yana jiƙe. Bakin gashin ya zama kamar busasshiyar ciyawa, kana taɓawa yana zuba. Gaban goshi ya ja baya, ga ɓawon ƙuna a tsakar kai da bayan kunne. A ƙarƙashi kuma sabon toho ya fito, murɗaɗɗe, mai ƙarfi, irin na uwarta sak.

Wannan sabon tohon shi ne abin da ya rage, kuma shi take shirin kashewa. Bikin ƙawarta ya matso, ta sayo wata robar shamfo ta ajiye a kan taga don ta daidaita shi da sauran. Na san idan man nan ya hau kan ƙunar da ba ta warke ba, gaban goshin nan ya tafi ke nan har abada. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira sunan uwarta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce:

"Inna, kullum Mama kaza, Mama kaza. Ni ko fuskarta ba na iya tunawa sai a hoto. In hanyarta ta fi, ga kaina, ki yi mini. In ba za ki iya ba, don Allah ki ƙyale ni."

Ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa. Na aika aka sayo zare, na wanke mata kai a hankali, na zauna a kujera ta zauna a gabana. A nan na gane irin talaucina. Na san yadda aikin yake ji, ban san yadda ake yin sa ba. In naɗa ya zame, in ƙara ɗauri ta yi ƙara, zaren ya harɗe a yatsuna da sanyin ƙashi ya riga ya taurara. Muka yi ta fama har rana ta take, gida uku kawai na yi, su ma a karkace kamar ƙahon akuya. Ta tashi ta mayar da hularta. Na zauna ina kallon robar nan a kan taga, na ji na tsufa, na ji kuma na gaji da riƙon amanar da ta fi ƙarfin hannuna.

Washegari bayan mun karya, na shimfiɗa tabarma, na cire ɗankwalina, na zauna a ƙasa. Na nuna mata kujera.

"Hau. Ke za ki yi mini."

"Inna, ni ina na iya?"

"Ni ma ban iya ba. Amma kaina ya iya. In kin yi daidai zan sani."

Ta hau tana ƙunƙuni. Ta soka mataji a tushe, na ce a'a, daga baki. Ta ja, na ce riƙe gindin gashin da babban yatsa, kada jan ya iso fata. Ta fara naɗi, na ce kin matse, bar wurin da ɗan yatsa zai shiga. Ta sassauta, na ce yanzu kuma ya yi sako-sako, zaren ya riƙa kwanciya kusa da ɗan'uwansa. Idona a rufe nake faɗa mata, don da na buɗe sai in rikice. Gida na farko ta warware ta sake ya fi a ƙirga. Can wajen na biyar sai na ji ƙorafina ya ragu. Zaren ya fara wannan 'yar ƙarar da yake yi idan yana zagaya gashi mai mai, nauyin yatsun ya zauna inda ya kamata.

Na so in ga yadda take yi, sai na waiga. Ta danna mini ƙeya da bayan yatsa ta ce, "Inna, juya."

Ban koya mata wannan ba. Ban taɓa ba ta labarinsa ba, don ni kaina na manta da shi sai da na ji shi a ƙeyata. Na juya na fuskanci bango, hawaye suna zuba a kan zanina, ina ƙoƙarin kada kafaɗata ta motsa. Ta tsaya ta ce ko ta ja mini ne. Na ce a'a, wa ya nuna miki haka? Ta ce, "Ban sani ba. Kamar haka ake yi mini da." Ashe ita ma ta zauna a tsakanin gwiwoyin nan tana kallon bangon kicin. Fuskar ce ta ɓace mata, hannun yana nan.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce komai ya gyaru ba. Mun datse mataccen gashin da almakashi, ta yi kuka, abin da ya rage bai fi tsawon yatsa ba. Mun jira ƙunar ta warke, sannan ta naɗe nata da kanta a gaban madubi, ni ina bi da yatsa ina taɓa gindin kowane gida ina cewa sassauta ko ya yi. Ta je bikin da ɗankwali, ba wanda ya ga santsin da ta yi mafarki. Gaban goshin ya fara fitar da ƙananan gashi, ko zai cika sai Allah. Robar shamfo tana nan a kan taga ba a buɗe ba. Ban zubar ba, don ba ni na saya ba, kuma yarinya ta yi hankalin da za ta zaɓa wa kanta. Ta koma makaranta da ƙullin zare a jaka, ƙawayen nan kuma suna can suna jiran ta.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Kulu, ba shi da yawa. Rumfar ta rushe, an yi shagon cajin waya a wurin. Matajin ƙarfen ya yi tsatsa a ƙasan akwatina. Matan da ta gyara wa kai ranar aurensu sun zama kakanni, wasu sun bi ta. Shekara goma sha ɗaya ina zaton amanar da ta ba ni a hannuna take, shi ya sa nauyinta ya gajiyar da ni haka. Ashe rabi ta ajiye a kaina, rabi a yatsun 'yarta, sai da muka zauna ɗaya a gaban ɗaya aikin ya haɗu.

Zaren da Firdausi ta naɗa mini kafin ta tafi ya isa warwarewa tun makon jiya. Na bar shi. Ta ce za ta zo ƙarshen wata, kuma na fi son ita ta warware.