Rubutun da ya haye bangon Alhaji

Jama'a, saura ƙiris a kore ni daga shago yau saboda adireshin intanet!

Kun san na buɗe shafin sayar da turaren wuta. To, na ba mai fenti adireshin ya rubuta min a bango. Ashe abin dogo ne, haruffa da lambobi da alamar tambaya, ba kai ba gindi. Bangona bai ishe shi ba, sai ya zarce har bangon Alhaji, wanda ya ba ni hayar shagon.

Da hantsi sai ga Alhaji yana huci.

"Ke ɗiyar nan, mi na yi miki za ki rubuta min asiri ga bango? Kwashe kayanki yau!"

Na ce, "Baba, wallahi adireshi ne!"

"Adireshin wa? Karanta in ji!"

Na buɗe baki, ni ma na kasa! Mutane suka taru, har wata tsohuwa daga Lafani tana tofa addu'a.

Na kira ƙawata Hafsa da ta haɗa min shafin. Na ce ta gyara yanzu, ko in same ta har Kalmalo. Ta mai da shi kalma uku: sunana, turare, Illela.

Na miƙa wa Alhaji waya. Ya karanta da kansa, ya danna. Ga hoton shagona, ga buhunan albasarsa a gefe!

Ya ƙura wa hoton ido. Sai ya ce, "A shafe wancan, ki yi zamanki. Amma ki ce ma ƙawarki ni ma a yi wa albasata guda."