Makullin da Karimatu Ta Yanke da Hannunta

Matso kusa, ga wuri nan, zauna ka ji labarin Karimatu ta Ƙofar Rini.

Ɗiyar Tambari mahauci ce. Tun tana ƙarama take kallon mahaifinta yana gyara cinya, ya cire kitse, ya zare jijiya, ba ya barin abin da ba shi da amfani. Da ta gama karatun kwamfuta, da wannan hannun ta shiga aiki. A kawo mata tsohuwar kwamfuta mai nishi, ta sa mata manhajar Linux, ta buɗe kanel, wato zuciyar manhajar da ke juya komai a cikin na'ura, ta bi dogon jerin saitunansa tana datse duk abin da ba a buƙata. Sai ka ga tsohuwa ta miƙe da gudu.

Haka ta yi wa kwamfutocin wani ƙaramin asibiti da ke Tudun Wada, mai ɗakin gwajin jini a Unguwar Rogo. Ɗan kabu-kabu ke kawo sakamakon gwaji a ambulan, kuma ba kullum ambulan ɗin ke isowa a manne ba. Akwai amaryar da ta ji labarin cikinta a bakin maƙwabta kafin likita ya faɗa mata. Shi ya sa Dakta Junaid, mai asibitin, ya ce daga Alhamis a riƙa turo sakamako ta intanet a kulle, yadda ko an tare saƙon a hanya ba mai iya karanta shi. In bai yiwu ba, a ci gaba da ambulan.

Alhamis da hantsi Karimatu ta gwada haɗa wuraren biyu. Kwamfuta ta ce kanel ɗinta bai san wannan kulle ba. Ta buɗe jerin saituna, ta gangara, ta gangara, sai ta dafe kai ta fashe da dariya. Ta kira Balkisu mai gwajin jini a waya.

"Balki, ni na yanke shi! Wata shida da sunka wuce. Na ga ba a aiki da shi, na ɗauka kitse ne."

"Ɗiyar mahauci! Wa yac ce ki heɗe muna kwamfuta? To sai ki ɗinke."

Ta mayar da alamar kullen a jerin saitunan, ta haɗa da sassan lissafin da yake jingina da su, ta sa kwamfutar ta sake gina kanel. Tsohuwa ce, ba ta gaggawa. Rubutu na ta zuba a allo, Karimatu ta yi azahar, ta sha fura. Dakta ya leƙo sau uku.

"Malama Karimatu, in kira mai mashin?"

"Ranka shi daɗe, a ba ni zuwa la'asar."

Da ginin ya ƙare ta sake kunna kwamfutar, ta kwafi sabon kanel a filash, ta hau keke napep zuwa Unguwar Rogo, ta ɗora wa ta Balkisu. Aka tura gwajin farko. Karimatu ta tare saƙon da kanta don ta ga abin da mai leƙe zai gani: haruffa barkatai, ba kai ba gindi.

Waya ta yi ƙara. "Ya iso," in ji Dakta. "Sarai nike karanta shi."

Balkisu ta rangaɗa guɗa, har wata tsohuwa da ke jiran layi ta leƙo tana tambayar wa ta haihu.

To kai fa, takardarka ta asibiti ta ƙarshe, hannu nawa ta bi kafin ta iso gare ka?