Ranar da Sanyi Ya Wuce Yayan Matarsa a Hamada

A layin masu gyara, shago na huɗu in ka shigo daga bakin titi, nan Sanyi yake aiki. Shekara ashirin da bakwai yana gyaran firji, kuma ko tsawa ka daka masa sai ya gama ɗaure kusar da ke hannunsa kafin ya ɗago kai, shi ya sa sunan ya bi shi har gida. Shagon a cunkushe yake da firji marasa ƙofa, da tukwanen gas, da tsofaffin injinan da ya ciro yana cewa wata rana za su yi amfani. Matarsa tela ce, suna da 'ya'ya uku. Har ya kai shekara arba'in da shida bai taɓa gudu ba sai in ruwan sama ya tsuge.

Yayan matarsa ne ya jawo shi cikin harkar. Direban bas ne, dogo, ya girme shi da shekara biyar, muryarsa ko a cikin ɗaki kamar yana kiran fasinja. Kowa Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Wata rana ya shigo shagon ya tarar da Sanyi zaune yana haki don kawai ya jawo ƙaramin firji daga ƙofa zuwa ciki.

"Kai, wannan tumbin naka ai ya isa haihuwa," in ji Yaya. "Gobe da sassafe ka same ni a bakin gada. In ba ka zo ba zan zo in ɗauke ka da katifarka."

Sanyi ya je don kunya. Ranar farko bai kai sandar wuta ta biyar ba ya durƙusa yana amai, Yaya na tsaye a kansa yana dariya. Amma ya koma washegari, ya sake komawa. Cikin shekara uku tumbin ya zube, matarsa ta rage masa wandunansa sau biyu, su biyun kuwa suka zama abin nuni a unguwa: dogo a gaba yana surutu, gajere a baya bai ce uffan ba.

Yaya ne ya jiyo labarin gasar gudun hamada da ake yi a wata ƙasa. Kwana shida, kilomita ɗari biyu da hamsin, kowa da jakarsa a baya ɗauke da abincinsa da bargonsa. Masu shirya gasar ruwa kawai suke ba ka, shi ma da awo, sai tanti da likita. Sanyi ya ce wannan ai hauka ne. Yaya ya ce to, su haukace tare.

Shekara biyu suna shiri. Sanyi ya riƙa cusa tsohon injin firji a jaka yana hawa da sauka a matakalar gadar sama har makwabtansa masu walda suka fara tambaya ko lafiya. Matarsa ta ɗinka musu rufin takalmi da zai hana yashi shiga, ta yi ta farkewa tana sakewa har ya zauna daidai. Ranar tafiya ta raka su tasha, ta dubi yayanta ta ce, "Yaya, ga shi nan na ba ka amanarsa. Ka san shi, ko ƙafarsa ta karye ba zai faɗa ba."

"Kwantar da hankalinki," in ji Yaya. "Tare za mu gama ko tare za mu bari. In ya faɗi, nan zan zauna da shi." Ya juya ga Sanyi. "Ko ba haka ba?"

Sanyi ya ce haka ne. Duk su ukun sun ɗauka sun san wanda zai faɗi.

Kwanaki biyun farko kuwa haka abin ya so ya zama. Kafin azahar ta ranar farko ƙafafun Sanyi sun yi bororo, yashin yana haɗiye takalmi har idon sawu, in ka hau tudu taki uku sai ka zamo baya taki ɗaya. Yaya ne yake jiransa a kan kowane tudu. Shi ya fasa masa bororon da allura a tanti, ya naɗe yatsun da filasta, ya kwashe rabin abincin Sanyi ya mayar tasa jakar don ya rage masa nauyi. A rana ta biyu, da ruwan Sanyi ya ƙare saura kilomita huɗu su kai tashar ruwa, Yaya ya miƙa masa gorarsa ya ce shi ba ya jin ƙishi.

Da safiyar rana ta uku Sanyi ya lura Yaya bai yi surutu ba. Mutumin da ke tashin 'yan tanti takwas da ba'a ya zauna yana ɗaura takalmi shiru. Bai ci abincinsa ba, ya ce cikinsa ne. Ya haɗiyi ƙwayoyin ciwon jiki guda biyu, kuma Sanyi ya tuna jiya ma ya ga ya sha, shekaranjiya ma haka.

Ranar nan ce jikin Sanyi ya saki. Bai san dalili ba. Ciwon yana nan, amma ya koma kamar na wani. Numfashinsa ya daidaita, ƙafafun suka gane yashin, ya ga yana wuce mutanen da suka wuce shi jiya. Tun da aka haife shi bai taɓa jin ya iya wani abu irin haka ba. Sai ga shi shi ne yake tsayawa a kan tudu yana jiran Yaya.

Sun isa tashar ruwa ta uku rana tana tsaka. Yaya ya zauna a inuwar mota, ya miƙa hannu zai karɓi gora, sai ya kife gefe ɗaya. Likitar da ke wurin, wata siririyar mata mai hular rana, ta duba idonsa, ta matsa ƙafarsa da ta kumbura, ta tambaye shi rabonsa da fitsari. Ya ce tun jiya da safe, kuma baƙi ne. Nan take ta cire lambar da ke ƙirjinsa, ta sa aka kai shi tanti aka ɗaura masa ƙarin ruwa, ta kira mota ta rediyo.

Mai kula da tashar ya dubi agogo ya ce wa Sanyi, "Saura minti goma mu rufe. Wanda bai fita ba ya fita daga gasar."

Sanyi ya tsuguna kusa da Yaya. Leɓunan Yaya sun tsage, idonsa a buɗe yana kallon rufin tanti.

"Tafi mana," in ji Yaya. "Me kake jira?"

"Yaya, ai mun ce tare."

"Ni na faɗa. Tafi."

Sanyi ya san yadda ake irin wannan magana. Ya kamata ya ƙi, Yaya ya sake cewa tafi, shi ya sake ƙi, ya sauke jaka ya zauna. Ya tambayi likitar ko abin da haɗari, ta ce sai an kai shi asibiti za a sani. Ya dubi tutocin da ke nuna hanya, sun miƙe har bayan wani jan tudu. Ya cika gorunansa biyu. Ya dafa kafaɗar Yaya, ya tashi ya tafi. Abincinsa da ke jakar Yaya ma sai da ya tsaya ya kwashe.

Ya gama. Rana ta huɗu kilomita tamanin ce, ya yi ta. Ta biyar farcensa biyu suka fita a cikin safa. Ta shida ya shiga ƙarƙashin tutar ƙarshe cikin mutum ashirin na baya, wani ya rataya masa lambar yabo, wata baƙuwa ta rungume shi tana kuka. Ya tsaya yana jiran daɗin ya zo, bai zo ba. A nan aka gaya masa Yaya yana asibitin birni, ƙodarsa ta tsaya.

Likitoci suka ce ƙishi ne da zafi da ƙwayoyin nan, kuma wataƙila dama ƙodar ba ta da ƙarfi. Suka ce ko Sanyi ya zauna ba abin da zai canza. Ya maimaita wa matarsa wannan a tsakar ɗaki ranar da suka dawo. Tana zaune gaban keken ɗinki, ta saurare shi har ya gama.

"Na ji," ta ce. "Kwana uku yana kwance cikin mutanen da ba ya jin yarensu. Da ya farka, wa ya gani?"

Ta gyara zaren keken, ta ci gaba.

"Ban ce kai ka sa masa ciwo ba, Baban yara. Tambaya na yi."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Tana dafa abinci, tana wanke masa kayan aiki, suna maganar makarantar yara. Lambar yabon ƙaramar 'yarsu ta rataye a bango kusa da kalanda, bayan kwana biyu ya tarar an saka ta a aljihun tebur. Bai tambayi wanda ya sauke ba.

Ƙodar ba ta dawo ba. Yaya ya bar tuƙi, an ba wani bas ɗinsa. Ya rame har rigunansa suna yawo a jikinsa, ruwan da zai sha ma a rana sai an auna masa a ƙaramin kofi. Talata da Juma'a ake wanke masa jini, awa huɗu a kujera, da bututu biyu a hannu. Ba wanda ya roƙi Sanyi, shi ya fara rufe shago a ranakun nan yana zuwa da tsohuwar motarsa ta ɗaukar firji. Matar Yaya takan amsa gaisuwarsa daga cikin ɗaki, ba ta fitowa. Yaya kuwa bai taɓa yi masa gori ba. Yana ce masa sannu da ƙoƙari, yana yi masa godiya a bakin ƙofa kamar baƙo. Tsokanar nan ta da ta ƙare, kuma ita Sanyi ya fi nema.

A layin masu gyara har yau ana nuna shi. "Ka ga wancan? Ya ƙetare hamada da ƙafa." Wani mai walda ya taɓa kawo ɗan jarida, Sanyi ya ce yana da aiki. Yana fita gudu jefi-jefi, shi kaɗai, kafin gari ya cika. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, in ya tuna rana ta uku, kafin kunyar ta zo sai daɗin ƙafafunsa ya riga ta.

Shekara ɗaya da rabi ana haka. Wata Talata suna ɗakin wankin jini, injin yana ƙaramin ƙara, nas ta fita, Yaya ya juyo da kansa a kan matashi.

"Wai bayan jan tudun nan me ke akwai?"

Sanyi ya dube shi. Ya matso da kujerarsa. Ya fara ba shi labari a hankali: wani fili mai baƙaƙen duwatsu da ke yanka takalmi, da busasshen tafki fari fat da ya ɗauke shi awa biyu, da wani tsoho mai sanda biyu da suka yi tafiyar yini ba su ce wa juna komai ba. Ya daɗe yana magana, fiye da yadda ya taɓa yi a rayuwarsa, yana so ya kai inda zai ce, Yaya, ka yafe mini. Da ya ɗago kai, Yaya ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe. Wankin jinin yana gajiyar da shi.

Sanyi ya ja masa bargo ya rufe ƙafafunsa, ya zauna har injin ya yi ƙarar gamawa. A hanyar gida Yaya ya yi maganar cunkoson titi da tsadar taya. Ranar Juma'a Sanyi ya zo da sauran labarin a bakinsa, amma Yaya bai tambaya ba.