Jirginka Ya Haye, Siebren

Ranar Talata huɗu ga Maris, da hantsi, Aukje ta bugo mini waya ta ce mijinta Siebren Postma ya cika. Dukanmu can muka nufa, ka riga mu ne kawai, abokina.

Mun tsufa tare a ƙungiyar masu ƙera ƙananan jiragen ruwa na sha'awa. Ba na manta shekarar da hannuna ya soma rawa, kai ka riƙa zuwa kana haɗa mini wayoyi, kana cewa shan kofi a gidana ne ya kawo ka. Jirginka na ƙarshe, irin mai jan manyan jirage, ya kai tsawon ƙofa, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Inji kaɗai ya rage. Ka daɗe kana zaɓe, har ka tsaya a kan tsohon injin fankar mota, mai juyi a hankali, mai ƙarfi, wanda ba ya ɗaukar zafi. Yana kan teburinka ajali ya zo.

Ka san al'adarmu: wanda ya rasu, jirginsa zai haye tafki sau ɗaya, sauran jirage na tsaye. Abin da Aukje ta roƙa ke nan, ta kuma yi alkawarin barin jirgin a zauren ƙungiya.

Sai ga Douwe, shugabanmu, da 'yan amshin shatansa. Mutanen da kana asibiti ko leƙe ba su yi ba, ranar nan har da ture juna a ɗakin aikinka. Douwe ya ɗaga injinka da yatsa biyu.

"Wannan daga wace bola?"

Na ce, "Zaɓin mai jirgi ne."

"Haba tsoho, so kake mu kwana a bakin tafki? A kawo nawa."

Nasa na tsere ne, an yi shi don jirgin da bai fi takalmi nauyi ba. Suka cusa shi, bai ma daidaita da sandar farfela ba, suka danne da ƙarfi. Bututun ruwan sanyaya kuwa, wai ɓata lokaci ne.

Ranar Asabar muka taru cikin baƙaƙen kaya. Jirginka mai mutunci ya zabura yana ihu, ya ɗaga hanci, ya watse agwagi. A tsakiyar tafki hayaƙi ya tashi, ya tsaya cik. Douwe na ta girgiza rimot ɗin tuƙa jirgin yana cewa batir ne. Manyan ƙwararrun nan suka koma jifa da igiya, ko ɗaya bai yarda ya jiƙa wandonsa ba. Sai da iska ta ga dama ta turo shi gaɓa.

Aukje ta dubi Douwe ta ce, "Shugaba, cire kayanka. Zaurenku kuma ku rataye hotonka a madadin jirgin."

Na kai jirgin gida na sa injinka, ina juya farfela da yatsa har na ji ba ta cijewa. Jiya muka koma tafki, ni da Aukje kaɗai. Jirgin ya tafi a natse, ruwa na buɗe masa, har ya taɓa wancan gefe. Sannan ne ta yi kuka.

Allah Ya jiƙanka, Siebren, Ya yafe maka, Ya sa ka huta. Aukje, da ke da 'yarku Tjitske da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri. Su Douwe kuwa, kada iyalansu su damu: in tasu ta zo, ni zan sa musu inji, in dai ina raye.