Shekarar da Kamfanin Rijiyoyi Ya Karye

Shekara bakwai na yi ina riƙe da makullan mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ta wani ƙaramin kamfanin gina rijiyoyi a Filinge. Aikin ba mai wuya ba ne. In siminti ya zo daga Yamai in karɓa, in ƙarfe zai fita in rubuta, da safe kuma in buɗe kaye, littafin rajista, in kira sunayen ma'aikata, wanda ya amsa in sa masa alama. Mu goma sha huɗu ne, da kamiyon biyu da wani tsohon inji mai jawo ƙasa daga rami. Mai kamfanin, wanda muke ce wa patoron, a Yamai yake zaune. Ƙarshen wata yakan zo da ƴar jakarsa, ya biya mu a ƙarƙashin itacen bedin da ke tsakar filin, ya sha shayi da mu, ya koma.

Ban ga karyewar tana zuwa ba, ko da yake a hannuna alamunta suka fara bi. Man kamiyon da ake kawowa a manyan tano na ƙarfe ya koma zuwa a ƴan bido na roba. Simintin da ke zuwa mota guda ya koma buhu ashirin. Daga nan albashi ya fara makara, kwana goma, wata guda, har muka shiga wata na huɗu ba mu ga jakar patoron ba. In na kira shi sai ya ce akwai wani babban aiki da aka gama ba a biya shi ba, mu ƙara haƙuri. Daga baya wayar ta daina shiga.

A lokacin muna da rijiya ɗaya a buɗe, a wani ƙauye kan tudu gabas da Tabla. An haƙa zurfin gaba goma sha ɗaya ba a kai ga ruwa ba. Mai jagorancin haƙar wani dattijo ne Bakurfaye, kowa Baba yake ce masa. Shi ne ya fi kowa daɗewa a kamfanin, amma ba shi da takardar ɗauka ko ɗaya, domin da baki suka shirya da patoron tun kafin a sayi kamiyon farko. Ba ya salla, abin kakanninsa yake bi. Kafin a sara ƙasa a sabon wuri yakan keɓe gefe ya zuba ɗan nono ya yi ƴan maganganu. Mu masu salla mu kau da kai, amma babu wanda yake yarda ya shiga ramin da Baba bai fara shiga ba.

Wata ranar Talata cikin bazara, ma'aikata suka taru a bakin mangaza. Direban babban kamiyon ne ya yi magana. Ya ce ya ji daga Yamai an rufe biron patoron, wato ofishinsa, saboda haka in buɗe, a raba siminti da ƙarfe da tayoyi, kowa ya sayar ya rage asara. Na ƙi. Ina so in ce amana ce ta hana ni, amma gaskiya tsoro ne, domin sunana ne a kan kowace takardar shigar kaya. Akwai kuma wani abu da na ji kunyar faɗa musu: ina so in ga yadda abin yake ƙarewa. Na sha ganin ɗan kasuwa ya karye, ya rufe rumfa ya tafi Kwatano ko Lagos neman sa'a. Ban taɓa ganin kamfani ya karye ba. Kamiyon na nan tsaye, siminti na nan, mu ma ga mu. To me ya karye?

Direban ya kira ni karen patoron. Da yamma ya kwance batiran kamiyon biyu ya ɗora a kan amalanke ya tafi da su gida. Da na ba matata labari, sai ta ce da ni ma na ɗauko ko buhu biyu, tunda rumbunmu saura kaɗan ya ga ƙasa. Kwana uku tana ajiye mini tuwo ba ta zauna kusa ba.

Bayan sati biyu wata ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar filin. Mace ce ta fito, ba ta kai ni shekaru ba, Bazabarma, da tabarau da jakar takardu. Ta ce alƙali ne ya naɗa ta ta tattara dukiyar kamfanin, ta sayar, ta biya waɗanda suke bin sa. Hausarta tana ɗingishi, Faransancina na kolej ma haka, sai muka haɗa biyun da ɗan Zabarmanci muka fahimci juna. Ni na zama tafinta.

Kwana uku ina bin ta. Ban taɓa ganin mutum mai duba abu irinta ba. Ta sa aka fito da kowace shebur da kowane guga. Ta leƙa ƙarƙashin kamiyon, ta tambayi inda batira suke. Ban tona direban ba, ita ma ba ta sake tambaya ba. Ta dai ce in gaya wa duk wanda ya adana su cewa ranar Alhamis za ta rufe takardarta, abin da ba ta gani ba kafin nan za ta rubuta shi a matsayin sata. Ranar Laraba da safe muka tarar da su a ƙarƙashin bedi, an goge su tas.

A ƙarƙashin bedin nan ta tara mu ta yi bayani, ina juyawa. Abin da ta faɗa ya ba ni mamaki har nakan manta in fassara. Ta ce daga ranar an sallame mu duka. Ta ce ban da albashin da muke bi, doka ta ba mu kuɗin hutun da ba mu taɓa ɗauka ba, da kuɗin sallama gwargwadon shekarun kowa, da na rashin sanarwa tun da wuri. Ta ce idan an sayar da kaya, gumin ma'aikaci ne a gaba, kafin banki, kafin mai siminti. Amma sai kowa ya rubuta abin da yake bi ya miƙa cikin wa'adi. Shekara bakwai ina aiki ban san ana biyan mutum don ya huta ba. Hutunmu damina ce, lokacin da ba a haƙa, mu tafi gona ba ko dala.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in tambaye ta ko patoron ya rasu ne. Ta ce yana nan da ransa. Ya ce gidansa na Yamai fa, ya ƙone? Ta ce yana nan.

"To ɗiyata," in ji shi, "wa ya karye? Ni da mutum na yi magana, hannunai na kama. Ban san wani kamfani ba."

Ta cire tabarau ta goge. Daga baya ta ce a wurin doka kamfani daban, mai shi daban, kamar yadda rumbun gayya ba na mai gari ba ne ko da shi ya kafa shi. In ba a tabbatar ya yi ha'inci ba, ba a taɓa gidansa. Na juya masa kamar yadda na iya. Ya gyaɗa kai, ba don ya gamsu ba. Ni kaina sai da na kwana biyu ina juya maganar. Na tuna cewa a kan takardun da nake sa wa hannu ba sunan patoron ba ne a sama, wani suna ne da ba na kowa ba. Kullum ina ganinsa ban taɓa tambaya ba.

Matsalar Baba ta fito da aka zo rubuta buƙatu. A takardun da matar, wadda muke ce wa madam, ta kwaso daga Yamai, mu tara ne kawai ma'aikata. Baba da mutum huɗu masu shiga rami ba su a ciki. Ta ce ba ta musun maganarsu, amma alƙali ba ya ganin baki, sai shaida. Sai na tuna da kayena. Ina da al'adar rashin zubar da takarda, tsoffin kayen kiran suna duk suna cikin wani kwali a bayan mangaza, gara ta ci gefen wasu. Na ɗauko guda goma sha shida. Ta zauna a kan buhun siminti tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, sunan Baba ne na farko a kowane shafi. Ta ce in kai su wurin sufeton aiki a Yamai da kaina, in ce ni na rubuta.

Na je. Karo na farko ke nan da na shiga irin wannan biron. Na zauna a benci tare da wani mai gadi da wasu mata biyu masu aikin otal, kowa da tasa. Kafin a kira ni na ji labarin sallama iri huɗu. Sufeton ya duba kayen, ya yi mini tambayoyi, ya buga hatimi. Shekaru bakwai da ke cikin kaye aka amince wa Baba da su. Waɗanda ya yi kafin zuwana, da suka fi haka yawa, suka tafi a banza. A can kuma na gano kuɗin tsufa da ake cire mana kowane wata, kamfanin ya daina kai su tun shekara biyu da suka wuce.

Da na dawo na tarar da wata rigima. Ƙarafen zubin siminti da injin jawo ƙasa suna can bakin rijiyar ƙauyen nan, madam kuma ta aika a kwaso su. Mutanen ƙauye sun hana. Baba ya tafi can ya zauna a bakin ramin. Muka je tare da ita, hadari ya fara haɗuwa a gabas kwanakin nan. Baba ya ce mata rami mai gaba goma sha ɗaya ba a barinsa ya sha damina, zai rufta, ko ya ci dabba ko mutum. Ya ƙara da cewa ya nemi izinin masu wurin, waɗanda yake zuba wa nono, kafin ya sara, ya ce musu ruwa zai fitar, ba zai bar musu kabari ba. Wannan na ƙarshen na yi jinkirin fassarawa. Ta ce in faɗa duka.

Ta ce ba ta da ikon ba da kayan kyauta, domin ba nata ba ne, na masu bin bashi ne, ciki har da shi. Amma tana da ikon neman izinin ba da su haya. Ta koma gefe ta yi waya mai tsawo, aka ba ta izinin. Mai gari ya tara mutanensa, aka yi karo-karo, wasu da kuɗi, wasu da hatsin da aka kai kasuwar Baleyara ranar Lahadi aka sayar. Simintin ma daga mangazata suka saya a farashin da ta yanka. Baba da mutanensa huɗu suka koma rami, ladansu abinci da abin da ƙauye ya iya. A gaba na goma sha biyar suka samu ruwa, kwana shida kafin ruwan shuka ya sauka. Ranar da aka dawo da kayan na miƙa mata makullai. Hannuna ya daɗe yana laluben aljihu yana neman su.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, shiru. Na noma gonar mahaifina, na fara sayen wake a ƙauyuka ina kaiwa Baleyara da jarin da ƙanen matata ya ba ni. An yi gwanjon kamiyon a Yamai, ɗaya ya yi kuɗi, ɗaya a matsayin ƙarfe aka saye shi. Sai bayan wata goma sha huɗu aka kira mu. Albashin da muke bi ya fito cif. Kuɗin hutu da na sallama kuwa abin da ya rage aka raba, bai kai rabi ba. Direban ya ƙirga nasa sau biyu, ya zo ya ba ni hannu. Baba ya dangwala yatsa ya karɓa, ya sayi ƴar karsana a kan hanyarmu ta komawa. Matata ta ce to, Allah ya sa ban saurare ta ba, amma kada in saba.

Bara na haɗu da patoron a Baleyara. Ya rame, yana sayen hatsi wa wani Alhaji, ana biyansa a kan buhu. Ni na fara ganinsa, na yi tunanin in wuce, sai na kasa, domin akwai tambayar da na daɗe da ita. Muka gaisa, muka zauna a rumfar mai shayi. Na ce masa ba faɗa na zo yi ba, so nake in san ranar da ya gane abin ya ƙare. Ya ce babu rana. Ya ci bashin banki ya yi babban aikin nan, masu aikin suka yi ta ɗaga biya, shi kuma yana cire na wannan rami yana cike wancan, kullum yana ganin wata mai zuwa za ta gyaru. Ya ce kuɗin tsufanmu ma haka ya taɓa su, da niyyar mayarwa.

"Ka ce ma Baba ya yafe mini," in ji shi. "Ban iya zuwa in dube shi."

Na ce masa Filinge ba ta da nisa, motar ƙarfe huɗu tana nan tana lodi. Ya dubi wajen tashar, ya ce yau akwai buhunan mutane a hannunsa. Na biya shayin, na koma wurin wakena, domin na bar wani mai saye yana jira.